Wa Ke da Ikon Bin Sawunmu a Waya?

A nan Tudun Wada da wuya a sami gidan da babu wayar hannu. Duk hoton da muka tura a Facebook, duk maganar da muka nuna mun so, sawu ne muke bari. Akwai masu tattara wannan sawu suna nazarinsa. Shin daidai ne a yi bincike a kan mutum ba da saninsa ba?

Bincike kansa ba laifi ba ne, gama Allah ne ya ba mu hankali. A shekarar 2018 masana a jami'ar MIT ta Amurka suka bi labarai wajen 126,000 a Twitter, suka gano cewa ƙarya ta fi gaskiya saurin yaɗuwa. A wannan shekara kuma BBC ta nuna yadda hotunan ƙarya a Facebook suka rura wutar rikici a Jihar Filato. Irin wannan aiki yana buɗe mana ido, yana iya ceton rai.

Amma akwai wani iri dabam. A shekarar 2012 kamfanin Facebook ya sauya abin da mutane kusan 689,000 suke gani har mako guda, don ya ga ko zai iya juya farin cikinsu ko baƙin cikinsu. Ba a gaya musu ba. Sai a 2014 duniya ta ji. Haka kuma a 2018 aka fallasa cewa kamfanin Cambridge Analytica ya sami bayanan mutane da yawansu zai iya kai miliyan 87, kuma jaridun Ingila suka bayyana cewa ya sa hannu a yaƙin neman zaɓen Nijeriya na 2015.

Ina bambancin? Likita da maharbi duka suna lura da jiki, amma ɗaya don warkarwa, ɗaya don kisa. Mai binciken kirki yana neman yardar mutum, yana rufa masa asiri, yana mayar wa jama'a amfanin abin da ya gano. Wanda ya nemi sanin tsoronmu don ya sayar da shi ya mai da mu kayan kasuwa, alhali an halicce mu cikin kamannin Allah.

Ƙasarmu ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2023, amma doka ba ta gadin zuciya. 'Ya'yanmu ɗalibai a Kongo da Samaru, in kuna nazarin rubuce-rubucen mutane, ku tuna cewa bayan kowace lamba akwai ɗan wani. Mu kuma, kafin mu tura hoton maƙwabci ko labarin da ba mu tabbatar ba, mu tuna da doka ta takwas, wadda ta hana shaidar zur.

Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon amanar juna. Amin.