Hutun Bakin Teku: Don Yara Ne Ko Don Idon Jama'a?



Kwanakin baya, a Islamiyyarmu ta matan aure da ke Tarauni, an tashi daga darasi ke nan sai wata 'yar'uwa ta shiga nuna mana hotunan ƙanwarta da maigidanta da ƙananan yaransu uku a bakin teku, a tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya. Ga farin yashi, ga bishiyoyin kwakwa, yara sun jiƙe sharkaf sai dariya suke. Wata Hajiya ta taɓe baki ta ce, "Wannan ai almubazzaranci ne. Marayu nawa kuɗin nan za su ciyar, aka je aka zuba su a ruwan gishiri?" Mai hotunan ta ce, "Haba Hajiya, halaliyarsu ce fa. Ni ma na gaya wa Abban yara, bana ko bashi zai ci sai ya kai mu."

Tun daga ranar nake juya maganganun nan biyu a raina, don kowace da gaskiyarta, kowace kuma da inda ta zame.

Mu fara da ta Hajiya. Addininmu bai haramta hutu da nishaɗi ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA) a cikin tafiya. Haka kuma lokacin da Sahabi Hanzala (RA) ya ji tsoron ko wasa da iyali ya mayar da shi munafuki, Annabi (SAW) ya kwantar masa da hankali, ya nuna masa kowane abu da lokacinsa. Alƙur'ani kuwa a wurare da dama ya kira mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa, mu dubi halittar Allah. Yaronmu na Kano tsakaninsa da teku akwai tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Legas. Yana jin ƙissar Annabi Yunusa (AS) a bakin malama, amma bai taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa ba. Waɗanda suka je Umara da yara suka tsaya bakin Bahar Maliya a Jidda sun san irin tambayoyin da yaro ke jerowa a wurin, wanda darasin tauhidi ne a tsaye. To, mutumin da ya fitar da zakkarsa, ya biya kuɗin makaranta, bai bar iyaye da dangi cikin yunwa ba, in ya faranta wa iyalinsa da abin da ya rage, ba mu da hurumin kiran sa mubazzari. Suratul Furƙan ta yabi masu tsayawa tsaka-tsaki wajen kashe dukiya, babu ɓarna babu ƙwauro. Inda Hajiya ta yi gaskiya shi ne, mai shirin tafiya ya fara leƙa gidan maƙwabcinsa kafin ya leƙa ofishin sayar da tikiti.

Maganar mai hotuna ita ce ta fi tayar mini da hankali, saboda kalmar nan ta bashi. Annabi (SAW) ya kasance yana neman tsarin Allah daga bashi, har ya taɓa dakatawa daga sallatar gawar wani mai bashi sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya. Me zai sa uwargida ta tura mijinta cikin abin da Annabi ya nemi tsari da shi don hutun mako guda? Ki tambayi zuciyarki, 'yar'uwa: da za a ce ba za a ɗauki hoto ko ɗaya ba, kuma ba wanda zai san kun je, kina nan kan bakanki? In amsar a'a ce, to tafiyar ta ƙawaye da facaloli ce, an dai laƙaba mata sunan yara.

Yaro ɗan shekara uku bai san bambancin Zanzibar da Tiga ba. Abin da zai riƙe shi ne Abba ya saɓa shi a kafaɗa, Umma ta zauna a ƙasa ta yi masa gini da yashi. In kuwa aka dawo maigida ya yi wata shida fuska a murtuke don masu bashi na sallama a ƙofar gida, yaran da aka ce don su aka yi su ne za su fara ɗanɗana kuɗarsa.

Kuma ai ba mu rasa wuraren zuwa ba. Daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Gidan Zoo na Audu Bako ɗan taƙi ne a Adaidaita Sahu. Ga madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, inda iyalai da yawa suka saba zuwa da tabarma da kular dambu a lokutan Sallah. Wanda Allah Ya hore wa ya je teku, wanda bai samu ba ya yi abin da aljihunsa zai ɗauka, iya ruwa fid da kai.

Sai dai ko ina aka nufa, akwai amanar da ta fi kuɗi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 5 suna cikin waɗanda suka fi mutuwa ta hanyar nutsewa. Yaro in zai nutse ba ya ihu; shiru ake ji, cikin ɗan lokaci kaɗan. Mu Kanawa ba mu manta da Nuwamban 2021 ba, lokacin da jirgin ruwa ya kife a Bagwai da 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa rayuka aƙalla 29, yawancinsu yara. Allah Ya jiƙan su. Don haka a raba yara tsakanin manya, kowa ya san nasa. Kada a shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da ƙima, ko wanda babu rigunan kariya daga nutsewa. Kada a danƙa wa 'yar aiki jariri a bakin ruwa alhali ita ma yarinya ce, amanar wasu iyayen ce a hannunki. A zaɓi wurin da babu tsiraici, a kiyaye sutura da lokutan salla. Maigida ma ya karɓi goyo, don uwargida ta san an zo hutu.

A nan maganganun biyu suka haɗu. Idon da ke kan waya yana neman hoton da zai burge jama'a, shi ne idon da ya kamata ya kasance kan yaron da ke rarrafawa wajen ruwa. Ido ɗaya ba ya duban wuri biyu.

Da muka koma makaranta, 'yar'uwar nan ta ce mini ta janye maganar bashi, sun fara adashe ita da maigida, in ya cika su je, in bai cika ba Tiga na nan. Hajiya ta ce in za su tafi a zo mata da tsarabar kwakwa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare mu daga riya da ƙangin bashi, Ya sa mu fita haƙƙin amanar da Ya ba mu, amin. Wassalam.