Mamman, Muhammadu da Mohammed: Wanne Ne Sunan Kaka?

Duk wanda ya zauna zai rubuta salsalar gidansu a Tafoki, ko a wani gari na ƙasar Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, zai tarar da kaka ɗaya yana amsa suna uku ko huɗu. A tsohuwar takardar haraji Mamman ne, a wasiƙar ajami Muhammadu, a takardar makarantar ɗansa Mohammed, a bakin tsofaffin gida kuwa Ɗanjuma, domin matansa da surukansa suna yi masa alkunya. Tun da aka shigo da lambar banki ta BVN a 2014, sannan a Disamba 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, mutane suka koyi tsoron harafi, saboda bambancin "o" da "u" kan kai mutum kotu neman takardar rantsuwa. Wannan tsoro ya biyo mu har cikin rubutun nasaba, inda ake zaɓar rubutu ɗaya a goge sauran. Ina ganin kuskure ne, kuma hujjata daga addini take.

Aya ta 5 ta Suratul Ahzab, wadda ta sauka a kan Zaidu ɗan Harisa, ta umarci a jingina kowa ga mahaifinsa, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya danganta kansa ga wanda ba ubansa ba yana sane. Abin da shari'a ta tsare shi ne mutumin da ya haifa, shi ya sa malaman Malikiyya suka yarda nasaba ta tabbata da shaidar ji, wato abin da ya shahara a bakin mutanen gari. Harafi bawa ne mai ɗauke da saƙo, kuma hannuwa da yawa suka aike shi. Bahaushe bai gaji sunan dangi irin na Turawa ba. Makarantar boko ce ta nemi suna na biyu, wasu suka ba da na uba, wasu na gari, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari. Malamin da ya koyi rubutu a hannun Ingilishi ya rubuta Yusuf ko Yusufu, takwaransa na Maraɗi da ya koya a hannun Faransawa ya rubuta Issoufou. Shehu Usmanu kansa ana rubuta laƙabin mahaifinsa Fodiyo, Fodio, Foduye, a Larabci kuma Fudi, ba a kuwa taɓa samun wanda ya ruɗe a kan ko ɗan wane ne ba.

Za a ce barin rubutu barkatai yana buɗe ƙofa ga ɗan karo ya kutso cikin gado. Damuwar gaskiya ce, sai dai goge bambanci ya fi buɗe ƙofar. A gida ɗaya ana iya samun Abubakar uku, ɗaya Garba, ɗaya Habu, ɗaya Buba. Ranar da marubuci ya mai da su duka Abubakar, ya narkar da mutum uku ya zuba a mazubi guda, kuma jikokinsu ne za su sha rigimar ranar rabon gona. Malaman hadisi sun san wannan haɗari tun tuni, har suka ware masa fanni mai suna Mu'utalif wal Mukhtalif, na sunayen da rubutunsu ɗaya furucinsu daban, irin Salam da Sallam. Daraƙuɗni, wanda ya rasu a 385 bayan Hijira, ya yi littafi a kai, Ibnu Makula da Zahabi da Ibnu Hajar suka bi sahu. Hanyarsu ita ce su kiyaye kowace siga yadda ta zo, sannan su tantance mutum da ubansa da kakansa da garinsa da malamansa.

Wani kuma zai ce a mayar da kowane suna asalinsa na Larabci don girmama shi. A raɗa wa jariri Muhammad cikakke, wannan alheri ne. Amma mai rubuta nasaba mai shaida ne, kuma mai shaida ba ya gyara abin da ya gani. 

Rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyuka da yawa a wannan yanki, takardu sun salwanta, tsofaffin da suka san wane ya haifi wane suna ƙarewa. Mai rubutu ya hanzarta. Ya sa sunan yanka a sama, ya jera laƙabi da kowane rubutu a ƙarƙashinsa, da takardar da ya gan shi a ciki ko dattijon da ya ji daga bakinsa. Inda bai tabbatar Garba da Habu mutum ɗaya ne ba, ya bar su biyu har ya sami mai shaida.