Busasshe a Sama, Ɗanye a Ciki

A ƙasashen da ake shimfiɗa katako a daɓen ɗaki, irin su Amurka da Ingila, aiki ba ya ƙarewa sai an goge katakon da samfefa, an shafe shi da wani abu mai ƙyalli da zai kare shi daga takalmi da danshi. Iri biyu suka fi yawa, na mai da na ruwa. Na ruwa yakan sha iska cikin awa 2 zuwa 4, har a yi shafi biyu a wuni guda. Na mai kuwa kowane shafi yakan nemi awa 8 zuwa 24 kafin a ɗora wani. Sai dai wannan lissafin bushewar sama ce kawai. Kafin shafin ya yi tauri har ciki, na ruwa yakan ci mako ɗaya zuwa biyu, na mai kusan kwana 30. A wannan tazara tambayarmu take: idan mai gida ya ce wa ma'aikaci "Ya bushe?", shi kuma ya amsa "Ya bushe, ranka ya daɗe," alhali ya san saman ne kaɗai, gaskiya ya faɗa ko amana ya ci?

Ni a ganina amana ya ci, kuma hujjar tana cikin yadda shafin yake bushewa. A na mai, sinadarin da aka tsinka shi da shi ne yake fara tashi, sai saman ya daina danƙo. Daga nan iskar oksijin ke ratsawa a hankali, tana ɗaure man har ya zama fata mai ƙarfi. A na ruwa, ruwan ne ke tashi, ƙananan ƙwayoyin da ke cikinsa su manne da juna, su ma sai sun samu kwanaki. Ka danna babban yatsa washegari, ba abin da zai liƙe maka. Amma ja ƙafar kujera a kai, za ka ga zane ya fito. Shimfiɗa kafet, ka tare wa wurin iska, wata rana ka ɗaga ka tarar da shatinsa ya zauna daram. Lokacin damina, da iska ta cika da danshi, jiran ma ƙaruwa yake yi. Ma'aikaci ya san duk wannan. Mai gida kuwa idonsa da yatsansa kaɗai ya mallaka.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannu ciki, yatsunsa suka taɓa lema. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya jiƙa shi. Annabi ya tuhume shi da rashin fito da jiƙaƙƙen sama inda mutane za su gani, ya kuma kira abin algus. A lura, mutumin bai furta ƙarya ba, ba kuma shi ya kawo ruwan ba. Laifinsa shi ne barin busasshen sama ya yi magana a madadinsa. Shi ya sa Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta lissafa ɓoye aibi cikin abubuwan da ba su halatta a ciniki.

Wani zai ce ai ɗanyen shafi ba aibi ba ne, lokaci zai gyara shi da kansa. Haka ne, amma da sharaɗin a bar shi, kuma wanda ba a gaya masa ba ba zai bar shi ba. Ɓarnar daga shirun take tasowa. Wani kuma zai ce masu gida ne ba su da haƙuri: ga amarya za ta tare, ga kaya jibge a tsakar gida, wanda ya ambaci kwana 30 wani za a ba aikin. Wannan uzuri yana da nauyi, domin neman abinci ba wasa ba ne. Amma maganinsa yana hannun ma'aikacin: ya ce wa mai gaggawa ya ɗauki na ruwa. Jinkiri shi kaɗai ba falala ba ne. Na mai yana da wari mai ƙarfi da kan fitar da iyali daga gida kwanaki, yana kuma rina katako ya koma ruwan zuma, wanda ba kowa ke so ba. Wanda ya zaɓi mai saurin bushewa bai saɓa wa haƙuri ba. Abin da ba ya halatta shi ne a shafa na mai, a yi alkawarin lokacin na ruwa.

Don haka kira nake ga kafintocinmu da masu fenti, su da ke shafa wa gadaje da ƙofofi irin wannan abu kullum: in an tambaye ku ko ya bushe, ku faɗi ranaku biyu, ranar da za a taɓa da ranar da za a ɗora kaya. Ku kuma masu ba da aiki, ku riƙa tambayar ta biyun.