Tumakin da Suka Gurɓata Ruwa

Karatu: Ezekiyel 34:17-22, Farawa 2:8-15

A karatunmu na yau Allah yana shari'a tsakanin tumakin garkensa. Laifin ƙarfafan shi ne, bayan sun sha ruwa garau, sai suka dama sauran da ƙafafunsu, raunanan suka sha laka. Wannan magana ta shafe mu, mu da ke Tirwun.

Ruwan famfon birnin Bauchi daga madatsar Gubi ya ke fitowa. Madatsa kuwa ƙwarya ce kawai, abin da ƙasa ta zuba mata shi za ta riƙe. Ruwan sama da ya sauka bisa duwatsu da gonaki da unguwanni, rafuka irin su Gubi da Shadawanka su ke kai shi can. Inda akwai itatuwa da ciyawa, saiwoyinsu su kan riƙe ƙasa, ruwa ya nutse sannu a hankali, ya tace. Inda aka sare su domin gawayi, aka yi noma har gaɓar rafi, ruwa ya kan zaizaye ƙasa, ya kwashi taki da maganin feshi, laka ta taru a madatsa.

Ba mu manta da shekarar 2021 ba, sa'anda cutar amai da gudawa ta kashe mutane da yawa a Jihar Bauchi. Gurɓataccen ruwa shi ne babbar hanyarta.

Waɗansu sun gane wannan. A 1997 birnin New York na Amurka ya yi yarjejeniya da mazaunan duwatsun da ruwansa ke fitowa, ya sayi filaye, ya taimaki manoma su kiyaye rafuka, maimakon gina babbar matatar ruwa.

Allah ya ba Adamu aiki biyu cikin gonar Adnin, noma da tsaro. Bari mu riƙe su duka. Mu dasa itatuwa, mu bar ciyawa a gaɓar rafi, mu haƙa masai nesa da rijiya, kada mu zuba shara a magudana. Gama da Kirista da Musulmi, daga ƙwarya ɗaya mu ke sha.

Tambayoyi
1. Su wane ne ke shan ruwan da ya bi ta gonakinmu?
2. Wane aiki ikilisiyarmu za ta yi kafin damina?

Addu'a: Ya Makiyayi nagari, ka hana ƙafafunmu ɓata ruwan maƙwabtanmu. Amin.