ƊA NE KAI, KO BAWA?

 In akwai wanda bai iya karatu ba a gidanka, ka karanta masa wannan takarda da ƙarfi, gama maganar ta shafi kowa, maigida da uwargida da yara.

Mu mutanen Arewa mun san daɗin 'yanci, mun kuma san tsadarsa. A watan Afrilu na 1899 Sarauniya Mangu da mutanenta suka tsaya a Lugu da baka da kibiya, suka tari rundunar Voulet da Chanoine mai bindigogi, don ba su yarda a sa musu igiya ba. Daga baya igiyoyi sun yi ta tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. A 1905 Faransa ta hana sayen mutum da sayar da shi a ƙasashen da take mulki a Afirka ta Yamma. A 1946 aka kashe aikin tilas. Ran 3 ga Agusta 1960 Nijar ta sami mulkin kai. A 2003 dokar ƙasa ta mai da bauta laifin da ake ɗaure mutum a kansa. A 2008 kuwa kotun CEDEAO ta ba Hadijatu Mani gaskiya, wadda aka sayar tun tana 'yar shekara 12, ta ce gwamnati ta biya ta sefa miliyan 10 don ba ta tsare ta ba. Dukan waɗannan alheri ne, sai mu gode wa Allah.

Amma ga tambaya. In igiyoyin nan duka sun tsinke, don me mutum yake kwana da tsoro a ɗakinsa? Don me yakan yi abin da ya rantse jiya ba zai ƙara yi ba? Ashe akwai wata igiya wadda doka ba ta kai gare ta.

IGIYAR TSORO

Ka duba abin da yake faruwa a ƙauyukanmu, daga Matankari har Gesheme. Yaro ya kwanta da zazzaɓi, jikinsa yana rawa. Kafin gari ya waye wata tsohuwa ta zo ta ce, “Wannan ba ciwon likita ba ne, Doguwa ce ta taɓa shi.” Sai a nemi baƙar akuya ko jan zakara, a kira masu goge. In yaron ya tashi, magana ba ta ƙare ba. Baɗi iska za ta nemi wani abu, in kuwa ta kama mutum sosai sai an yi masa girka. 'Yan bori da bakinsu suna kiran wanda iska take hawa doki, ko goɗiya. Ka lura da wannan suna. Doki ba shi zaɓen hanya, mai linzami ne yake zaɓa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

Ba domin mu raina maƙwabtanmu nake faɗin wannan ba. Iyayenmu ne da kakanninmu, tsoro kuwa ba abin dariya ba ne. Da mu nake, mu da aka yi wa baftisma. Akwai gidajen masu bi inda ake zuwa sujada ran Lahadi, amma in ka ɗaga rigar jariri sai ka ga laya. Akwai mai waƙa a majami'a wanda ba ya shuka sai ya binne wani abu a kusurwar gona. Irin wannan mutum ya ji labarin 'yanci, amma bai ɗanɗana shi ba tukuna.

IGIYAR ZUNUBI

Wani zai ce, “Ni kam ban san bori ba, ban taɓa ɗaura laya ba.” To, madalla. Haka waɗansu Yahudawa suka ce wa Yesu, wai su zuriyar Ibrahim ne, ba su taɓa bauta wa kowa ba. Ka buɗe Yahaya sura 8 ka ga amsar da ya ba su. Ya nuna musu cewa zunubi ma ubangida ne, wanda ya saba yinsa kuwa yana ƙarƙashinsa.

Gwada kanka da wannan. Mene ne abin da ba ka iya bari? Saurayi ya tafi ci rani Nijeriya ko Kwatano, ya koyi shan tiramol don ƙarfin aiki. Da fari shi yake sayen ƙwaya, daga baya ƙwaya ce take aikensa. Maigida ya sayar da wake da kaka, kuɗin ya ƙare a giya da caca, kafin damina yana cin bashin hatsi. Mace ta riƙe gaba da matar ƙanen mijinta shekara 10, kowace safiya da ita take tashi a zuciya. Ba wanda ya sa wa waɗannan mari a ƙafa, duk da haka ba su iya tafiya.

FANSA

A zamanin dā bawa yakan biya ubangijinsa murgu, ya yi aikin kansa, ya tara kaɗan kaɗan har ya fanshi kansa. Wani kuwa danginsa ne sukan kawo dukiya su fanshe shi. Amma bawan zunubi ba shi da abin da zai tara. Ko ya yi sadaka ko ya yi azumi, zuciyar da ta yi zunubin ita ce dai a ƙirjinsa, gobe kuma za ta ƙara bashi. Sai dai wani ya zo daga waje, wanda ba a bin sa kome, ya biya.

Wannan shi ne bishara. Yesu Almasihu, marar zunubi, ya ba da ransa a kan gicciye domin ya fanshe mu. A rana ta uku ya tashi daga matattu. Tun da mutuwa ba ta iya riƙe shi ba, wace iska ce za ta ƙwace abin da yake hannunsa? Karanta Markus sura 5, labarin mutumin da yake zaune a makabarta, wanda sarƙa ba ta iya ɗaure shi. Mutanen garin suka zo suka tarar da shi zaune, da riga, da hankalinsa, kusa da Yesu.

ƊA A GIDAN UBANSA

Yanzu ka saurari harshenmu, gama akwai hikima a ciki. Kalmar 'yanci daga 'ya'ya ta fito, mu nan kuwa mukan ce ɗiyauci. Wato ga Bahaushe, mai 'yanci shi ne ɗa. Wanda ba shi da gida, ba shi da uba, ba mai tambayarsa ina ya kwana, ba ma ce masa mai 'yanci, sai mu ce ɗan iska.

Ka dubi gandu. Ɗa da bawa suna iya yin noma a kunya ɗaya, da hauya iri ɗaya, rana ɗaya tana dukansu. Bawa yana noma don tsoron bulala, idonsa yana kan rana ko ta faɗi. Ɗa yana noma don rumbun na gidansu ne, gonar kuma gādonsa ce. In ya yi laifi za a yi masa faɗa, amma ba za a kai shi kasuwa ba. Abin da Manzo Bulus yake koya wa Romawa ke nan a sura 8 da Galatiyawa a sura 4: Allah ya karɓe mu 'ya'ya, ya ba mu Ruhunsa, har muna iya kiransa Uba ba da rawar jiki ba.

Saboda haka kada wani ya ruɗe ka ya ce, “Tun da an gafarta mini, sai in yi abin da na ga dama.” Akuyar da ta tsinke turke da damina tana tsammani ta sami duniya. Kafin azahar ta shiga gonar wani, an kama ta, an ɗaure ta a gidan da ba nata ba. Wanda ya bar laya ya kama giya, tsugunne ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. An 'yanta ka domin ka iya yin abin da dā ya fi ƙarfinka: ka faɗi gaskiya a kasuwa, ka riƙe matarka da aminci, ka taimaki gwauruwa da noma ba don a yabe ka ba.

TO, WAHALA FA?

Watakila ka ce, “Baba, in mu 'ya'ya ne, don me fari bai tsallake gonakinmu ba?” Gaskiya ne, yunwar 1973 da ta 1984 da ta 2005 ba su tambayi addinin kowa ba. Yesu bai yi mana alkawarin rumbu cike kowace shekara ba. Abin da ya ba mu shi ne zuciyar da wahala ba ta iya mallaka. A Ayyukan Manzanni sura 16 an yi wa Bulus da Sila dūka a Filibi, aka sa ƙafafunsu a turu. Da tsakar dare suna addu'a da waƙa. Mai tsaron kurkuku, wanda mabuɗi yake hannunsa, shi ne ya zo yana rawar jiki yana neman hanyar ceto. Wane ne ɗaurarre a daren nan?

A ƙasarmu ma an ga irin wannan. Ran 16 da 17 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai. Bayan haka masu bi suka taru suka yi sujada, shugabanninsu kuma suka yi kira a gafarta. Mutumin da aka cuce shi, fushi bai ja shi ga ramuwa ba, wannan ya fi mai ashana 'yanci.

ME ZA KA YI?

In yaronka ya kamu da zazzaɓi, ka kira dattawan ikkilisiya su yi addu'a, ka kuma kai shi likita tun da wuri, gama magani ma baiwar Allah ce. In tsohuwa ta kawo laya, ka gode mata don ƙaunarta, ka gaya mata da ladabi cewa yaron yana da Mai tsaro. In akwai abin da ka ɓoye a rufin ɗaki ko a gona, ka fito da shi gaban fasto da 'yan'uwa, kamar yadda mutanen Afisa suka yi a Ayyukan Manzanni sura 19. In ƙwaya ce ko giya, kada ka yi kokawa kai kaɗai, ka faɗa wa wani mai bi amintacce ya tsaya tare da kai. In gaba ce, kai ka fara zuwa gaisuwa. Igiyar da ta daɗe takan bar shaida a wuya, wani lokaci kuma mutum yakan yi tuntuɓe. In ka faɗi, ka tashi ka koma wurin Ubanka, ƙofa ba a kulle take ba.

In kuwa ba ka taɓa ba da kanka ga Yesu ba, yau rana ce. Ka durƙusa inda kake ka ce masa:

Ya Ubangiji Yesu, ni mai zunubi ne, ni matsoraci ne kuma. Na gaskata ka mutu domina, ka tashi. Ka kwance mini igiyar da na kasa kwancewa. Ka karɓe ni ɗa a gidan Ubanka, ni da iyalina mu bauta maka da farin ciki. Amin.