WANE AIKI NE ABIN KUNYA GA ƊALIBI?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, dalilin wannan rubutu shi ne tambayar da wani ɗalibin jami'a ya yi mini bayan mun tashi daga karatun tsakanin Magariba da Lisha. Ya jira sai da jama'a ta watse, sa'an nan ya matso ya rage murya, ya ce, "Malam, an ba ni aikin jera littattafai da shara a laburaren makarantarmu, ana biya ƙarshen wata, amma ina jin kunyar 'yan ajinmu su gan ni da tsintsiya." Na ce masa, "To, yanzu da me kake ci?" Ya yi shiru. Can ya ce yakan aika wa wani ɗan siyasar garinsu saƙo a waya, wata rana a turo masa, wata rana a yi banza da shi.

Ka ji fa! Yana kunyar tsintsiya, amma ba ya kunyar maula. Ba zargin yaron nake yi ba, domin gadon abin ya yi. Lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya cikin 1962, ɗalibai kaɗan ne, ana dafa musu, ana yi musu wanki, kuma aikin gwamnati yana jiransu a ƙofa. Ko a 1978, ƙarin kwabo 50 da aka yi a kan kuɗin abincin yini sai da ya jawo zanga-zangar da ta girgiza ƙasar nan. Daga wancan zamani aka ɗauka cewa ɗan jami'a babban mutum ne, hannunsa ba ya taɓa ƙura. To, zamanin ya wuce, girman kan ne kawai ya rage. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi, jami'o'i da yawa suka ƙara kuɗin rajista. Bashin karatu da gwamnati ta fito da shi a 2024, ko da yake babu ruwa a kansa, bashi ne, kuma ranar biya tana nan tafe.

Shin wa ya fi Manzon Allah (S.A.W.) daraja? Ya tabbata cewa ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki suna biyansa 'yan ƙiraɗai. Annabi Dawuda (A.S.), duk da sarautarsa, daga aikin hannunsa yake ci. Abdurrahman ɗan Aufu da ya isa Madina hannu rabbana, ɗan'uwansa Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai ya sa masa albarka ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. Kuma Buhari ya ruwaito hadisin da ya fifita wanda ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar a kan mai roƙon mutane. A ƙasarmu ma gardi mai neman ilimi da ɗinkin hula yake riƙe kansa, yana ɗinki yana tilawa, ba wanda ya ce ya zubar da mutunci.

Abin mamaki, waɗanda muka karɓo tsarin jami'a daga wajensu ba su da wannan ciwo. A Amurka tun 1964 gwamnati take sa kuɗi domin a ba ɗalibai marasa ƙarfi aiki a cikin makarantarsu. Akwai ma kwalejin Berea a jihar Kentaki, wadda ɗalibi ba ya biyan kuɗin koyarwa, amma dole kowa ya yi aiki aƙalla awa 10 a mako, wani a gona, wani a kicin, wani a ofis. Mun kwaikwayi rigar yaye da hularta, mun bar wannan.

Amma kada wani ya ji wannan ya ce Malam ya ce kowane aiki halas ne. A'a. Inda ya kamata a ji kunyar, nan ne ba a ji. Akwai ɗaliban da sana'arsu ita ce rubuta wa wasu kundin kammala digiri, a yi ciniki, a biya, mai kuɗi ya sa sunansa. Wannan algus ne, kuma kuɗinsa haram ne ga mai bayarwa da mai karɓa. Idan ka buga wa mutum abin da ya rubuta da kansa a kwamfuta, ka ci halas. Idan kai ka yi tunanin ya sa hannu, ka yi shaidar zur, kuma gobe wannan mutum zai riƙe asibiti ko aji ko gada da takardar da ba tasa ba. Duk wanda ya cutu, da kashinka a ciki.

Haka nan horon masana'antu da ake kira SIWES, wanda aka kafa tun 1973 domin ɗalibi ya ga aiki da idonsa kafin ya gama. Sai ka ga yaro ya yi zamansa a gida watanni, ana gobe komawa ya zauna ya cike littafin aikin kullum da ƙarya, ya nemi wanda zai buga masa hatimi, sa'an nan ya jira alawus. Subhanallahi! Ya yi ƙarya, ya ci kuɗin aikin da bai yi ba, ga shi kuma bai iya komai ba. Wanda ya buga hatimin yana ganin taimako ya yi, alhali abokin tarayya ne a cikin laifin.

Sai kuma ku masu ɗaukar ɗalibai aiki, a nan zan ɗan tsaya, domin ni ma an yi mini. Lokacin yajin aikin malaman jami'a na 2013, wanda ya kusa wata shida, na yi tsaron wani shago. Wata uku ina buɗewa ina rufewa, da na nemi hakkina sai maigidan ya ce, "Ai koya maka nake yi, kamata ya yi kai ka biya ni." Laifina shi ne ban yanke lada tun farko ba. Malaman fiƙihu sun shardanta a cikin ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, cewa a san aikin, a san ladan, a san lokacin. Dubi Annabi Musa (A.S.) a Madyana, sai da aka yanke shekara 8, in ya cika 10 ganin damarsa ne. In koyarwa ce tsagwaronta, a faɗa tun ranar farko, kuma a koyar ɗin da gaske. Amma ka sa yaro ya yi maka aikin cikakken ma'aikaci sa'an nan ka ce gogewa ce ladansa, to ka sani cikin mutum uku da Allah Ya ce Shi ne abokin husumarsu ranar Alƙiyama akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙodago, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi lada.

Saura iyaka. Kai ɗalibi, lokacinka ba naka ne kai kaɗai ba. Mahaifinka ya sayar da hatsi, mahaifiyarka ta sayar da akuyarta, domin ka zauna a aji. In ɗinki ko sana'ar POS ta hana ka lacca har ka faɗi jarrabawa, ka ci amanarsu ko da kuɗin halas ne. A Ingila da Amurka awa 20 a mako aka yanke wa ɗalibin jami'a baƙo lokacin da ake karatu. Ba wahayi ba ne, amma ma'auni ne mai hankali, kuma ni a ganina ɗalibin likitanci ko injiniya ko wannan ya yi masa yawa.

Shi kuwa yaron nan ya karɓi aikin. Da ya dawo bayan wata biyu na tambaye shi 'yan ajin nasu, ya yi dariya ya ce, "Malam, uku daga cikinsu sun ce in tambayar musu ko da sauran gurbi."

Allah Ya wadata mu da halas ɗinSa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.