Shin Cin Amanar Shugabanni Yana Sauke Wa Mai Ƙuri'a Tasa Amanar?

 

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, duk sa'ad da aka buga gangar siyasa a ƙasar nan, 'yan takara suka shiga zagaya birane da ƙauyuka suna lacca, akwai wata magana da takan cika bakin jama'a a kasuwa da tasha da ƙofar masallaci, watau cewa shugabannin jam'iyyu duk kanwar ja ce, ba su san talaka ba sai ranar neman ƙuri'arsa. Daga wannan ƙorafi mutane sukan kasu biyu. Waɗansu su ce sun daina bin layin zaɓe har abada. Waɗansu kuwa su ce za su fita, amma wanda ya fi sakin hannu shi za su jefa wa, tun da abin da suka karɓa ran nan shi kaɗai ne rabonsu har shekara 4. To, tambayarmu ta wannan mako ita ce: idan shugaba ya ci amanar da ke wuyansa, shin wannan ya sauke wa mai ƙuri'a tasa amanar?

Da farko dai wajibi ne a faɗi gaskiya, ƙorafin jama'a yana da tushe. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya sharɗanta cewa sai jam'iyya ta tsai da mutum kafin ya yi takara, saboda haka mabuɗin ƙofar mulki yana hannun shugabannin jam'iyyu, talaka kuwa sai abin da aka ajiye masa a faranti. A shekarar 1979 jam'iyyu 5 ne, daga baya suka yi ta ƙaruwa suna sauya suna, amma wannan ƙofa ba ta daina ƙunci ba. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da takardun neman takarar Shugaban Ƙasa a kan Naira miliyan 100, PDP kuma miliyan 40. Sa'an nan jaridu suka cika da labarin yadda ake sayen wakilai masu zaɓen fid da gwani. Wane malamin makaranta, ko wane manomi mai gaskiya, zai iya ƙetare wannan shinge? Ga kuma ɗauki-ɗora, ga sauya sheƙa, inda mutumin da ya gama zagin wata jam'iyya jiya za a wayi gari yana sanye da hularta.

Kalmar siyasa Larabci ce, asalinta kuwa daga kula da dabba ne, a ciyar da ita, a shayar da ita, a horar da ita. Shi ya sa Larabawa ke kiran mai kiwon doki sa'is. Ke nan wanda bai ɗauki nauyin kula da jama'a ba, ko da ya kwana a kan mumbarin lacca, bai yi siyasa ba. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Abu Zarrin, Allah Ya yarda da shi, ya nemi a ba shi muƙami, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi, ya kuma sanar da shi cewa muƙami amana ne da ke zama nadama ranar Alƙiyama ga wanda bai sauke haƙƙinsa ba. A cikin Buhari kuma an bayyana cewa tozarta amana shi ne danƙa al'amari ga wanda bai cancanta ba. Saboda haka shugaban jam'iyyar da ya ture mutumin kirki ya tsai da mai kuɗi ko ɗan ɗakinsa, ya shirya amsar da zai bayar.

Amma fa wannan hisabinsu ne. Namu daban yake, kuma ba a biyan bashin wani da laifin wani.

Kalmar ƙuri'a ita ma Larabci ce, ma'anarta ta asali kuwa ita ce abin da ake jefawa don raba gardama, ya faɗa a kan wanda ya faɗa ba tare da zaɓin kowa ba. Watakila wannan suna ne ya sa waɗansu ke ɗaukar al'amarin kamar sa'a. Alhali kuwa abin da mutum ke yi a rumfar zaɓe shaida ce. Yana cewa ne, da yatsansa, wannan mutum ya fi sauran dacewa a ba shi dukiyar jama'a da rayukansu. Ita kuwa shaida tana da hukunce-hukunce biyu sanannu: ba a yin ta a kan ƙarya, ba a kuma ɓoye ta idan ana bukatarta.

Mu fara da mai sayarwa. Wanda ya san ɗan takara azzalumi ne, amma ya dangwala masa don an ba shi atamfa ko sabulu ko 'yan kuɗi, ya shaidi abin da zuciyarsa ta san ƙarya ne. Shaidar zur kuwa tana cikin manyan zunubai, har ma Abu Bakrata ya ba da labarin cewa Annabi yana kishingiɗe, da ya zo kanta sai ya tashi zaune ya yi ta maimaita gargaɗi. Buhari da Muslim sun kuma ruwaito daga Abu Huraira labarin mutum 3 da Allah ba zai yi musu magana ba ranar Alƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kurum, in an ba shi ya cika alkawari, in an hana shi ya saɓa. Ba a musun cewa yunwa gaskiya ce, kuma laifin mai saye, wanda ya talauta mutum sa'an nan ya zo yana taya mutuncinsa, ya fi girma nesa ba kusa ba. Amma a yi lissafi: a ce an ba mutum Naira 5,000, a raba ta a kan kwanakin shekara 4, ba ta kai Naira 4 a yini ba. A kan wannan ne ya sayar da maganin asibiti da karatun 'ya'yansa. Masu cewa a karɓi kuɗin a zaɓi wanda ake so sun tsira daga shaidar zur, amma sun shiga yaudara, sun kuma bar kasuwar tana ci.

Sai mai zama a gida. A zaɓen Shugaban Ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023, mutum fiye da miliyan 93 ne ke cikin rajista, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba, watau kimanin kashi 27 cikin 100, alhali a 2003 an kai wajen kashi 69. Wanda ya ci ya samu ƙuri'a wajen miliyan 8 da dubu 800, abin da bai kai ushurin masu rajista ba. Lalle ƙarancin takardun Naira da tsoron tashin hankali sun hana waɗansu fita, kuma mai uzuri yana da uzurinsa. Amma wanda fushi kaɗai ya zaunar, wa ya hukunta? Kujera ba ta zama babu kowa don mutane sun ƙi fita. Iyakar abin da ya faru shi ne ƙuri'ar da aka saya ta ƙara nauyi a ma'auni. An yi fushi da kaza an huce a kan dami. Aya ta 283 ta Suratul Baƙara ta hana ɓoye shaida, kuma malaman Usulu sun kafa ƙa'ida cewa idan cuta biyu suka haɗu, babu makawa sai ɗaya, to a ɗauki mafi sauƙi. Ba a ce sai an sami waliyyi ba. Cewa duk ɗaya suke, sau da yawa, ƙyuyar bincike ce, domin ko a cikin mabarnata akwai mai dama-dama.

Tarihinmu ma yana da darasi. Wajen shekarar 1807 Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga yadda son mulki da dukiya ya fara shiga zukatan waɗansu jagororin jihadi, ransa ya ɓaci ƙwarai, har ya bar rundunar da niyyar tafiya Gabas. Da ya iso Kano sai mutanenta suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake mulki bisa Shari'a. Ya tsaya, ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami, daga bisani ya koma ga jama'arsa. Fushinsa gaskiya ne, amma ya mai da shi aiki, ga shi har yau ana amfana. A ɗaya gefen kuma, lokacin da jama'a suka yanke ƙauna bayan zaɓen 1983, da yawa sun yi murna da juyin mulkin 31 ga Disamba na wannan shekara, amma ba a sake rantsar da zaɓaɓɓen Shugaban Ƙasa ba sai 1999.

To, mene ne abin yi? Mutum ya binciki kowane ɗan takara a kan kansa, ya dubi abin da ya yi da ƙaramar amanar da aka taɓa ba shi. Takardar Shugaban Ƙasa daban, ta Majalisar Dattawa daban, ta Majalisar Wakilai daban, babu kuwa dokar da ta ce sai an bi jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa. Idan shugabannin jam'iyya suka ga duk wanda suka ƙaƙaba wa jama'a ya faɗi, dole su sake lale. Mutanen kirki kuma su daina barin tarurrukan jam'iyya na mazaɓa ga 'yan bangar siyasa, domin can ake dafa abin da ake kawo mana ranar zaɓe. Bayan zaɓe a riƙe alkawuran a rubuce, a riƙa tuni da ladabi da hujja. Sashe na 69 na Tsarin Mulki ma ya ba da damar yi wa ɗan Majalisar Tarayya kiranye. Malamai su ma su ji tsoron Allah, kada mumbari ya zama rumfar tallar wanda ya fi kawo gaisuwa.

Amana da imani da aminci duk tushensu guda ne a Larabci. Al'ummar da ta saki ta farko, a sama ko a ƙasa, kada ta yi mamakin rasa na ƙarshe. Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayinmu, Ya sa mu zama mabiyan da suka cancance su, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.